Ka Zo Ranar Juma'a da Sandarka a Hannu

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Mai tsare na gida da na hanya.

Abba, ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda ta same ka lafiya a can unguwar Kotto inda ka je ka maƙale a ɗakin abokinka. Mu nan New Bell, unguwarmu ta Duwala, lafiya lau muke, sai ruwan sama da ya hana mu shanya ko tsumma. Yayarka Rakiya ce ke riƙe da alƙalami, ni ne da baki. Ka san ban taɓa zama kan bencin makaranta ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara min magana. In ka ga wuri ya yi kaushi, ni ne, ba ita ba.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Magana ɗaya ce ta sa na zaunar da yarinyar nan ta bar ɗinkinta. An gaya min ka yanki tikitin mota zuwa Yawunde, za ka wuce ranar Asabar ba tare da ka taka unguwar nan ba, wai don kada ka ƙara jawo min kunya. Wa ya gaya maka ina jin kunya? Ka taɓa ganin na sunkuyar da kai a layin nan?

Ka ajiye aikinka na ofishin inshora a Bonapriso. Ka ce daga yanzu biliyar za ka riƙa bugawa, kana tura ƙwallaye da sanda a kan koren tebur, gari zuwa gari, abin da ka ciwo shi ne abincinka. Da ka zo ka durƙusa ka faɗa min, ban ce maka na ji daɗi ba, domin ban ji ba. Amma ban ce kada ka tafi ba. To tunda za ka tafi, sai ka tafi kamar ɗan gida.

Ka san al'adarmu, ko da yake ku da kuka yi boko kuna ganinta kamar zaman shan shayi. Duk ɗan unguwa da zai bar gari neman abinci, ubansa zai kai shi tabarmar dattawa a ƙofar masallaci. A tashi a faɗi sunayen mutanen gidansu, tun daga wanda ya fara sauka Duwala da ƙafarsa, har a zo kan mai tafiyar. Sannan a ɗaga hannu a yi masa fatiha. Ba don ado ake yi ba. Don yaro ya ji da kunnensa cewa ba shi ne ya fara tafiya ba, kuma akwai inda zai dawo. Sunayen nan kuwa ni nake faɗinsu, na kowane gida, tun da tsohon da ya koya min ya kwanta dama. Ba su a takarda, suna kaina.

Na je tabarmar bayan la'asar na ce ɗana zai yi tafiya, ina neman masa fatiha. Kafin liman ya buɗe baki, Alhaji Garba mai shagon yadi ya riga shi. Ka san sa'ana ne, tare muka yi wankan kwata muna yara.

Ya ce, "Sani, fatihar me? Ta caca? Mu ɗaga hannu mu ce Allah ya ba shi sa'ar kwashe aljihun mutane?"

Na ce, "Ban ce ku roƙa masa ci ba. Na ce ku roƙa masa ya je lafiya ya dawo lafiya."

Ya ce, "Yaron da ya samu kujera mai juyi da na'urar sanyi! Namu suna ta yawo da takardu a leda ba su samu ko gadi ba. Amma ba laifinsa ba ne, jini ne. Ɗan mai tsire ko ka ɗaura masa igiyar wuya, sai ya koma bakin titi."

Aka yi dariya. 'Yan kasuwar nan baƙi da suka zo daga Najeriya su dai ƙasa suka kalla, ba su san tsakaninmu ba.

Na ce, "Garba, lokacin da ɗanka zai tafi sarin kaya, wa ya faɗi sunayen gidanku? Ni ne. Na ce kakanka ya sauka garin nan da huhun goro, na tsaya a nan. Kana so yau in faɗi abin da ke ƙarƙashin goron?"

Sai ya kama gyaran hula. Ban ƙarasa ba, kuma ba zan taɓa ƙarasawa ba, ba don shi ba, don wanda ke kwance a kabari. Liman ya ce a yi haƙuri, a bar maganar tukuna. Na san ma'anar tukuna. Na miƙe na sa takalmina na ce musu, "Daga yau bakina ya rufe. Duk wanda ɗansa zai yi tafiya, ya nemo sunayen kakanninsa a cikin tarho."

Ban koma tabarmar ba. Ina shiga in yi salla a sahun gaba kamar kullum, in fito in wuce su da sallama. Masallaci ba na Garba ba ne.

Yanzu ka saurara, kada ka ɗauka don na tsaya maka a gaban mutane shi ke nan na wanke ka. Ba duk abin da Garba ya faɗa ne ƙarya ba. Ni ba malami ba ne, ba zan halatta maka abin da ban isa in halatta ba. Inda aka shirya gasa, wani ya ajiye kyauta, gwanaye suka kara, wannan na gane shi, kamar kokawa ne. Inda kai ka ajiye naka shi ya ajiye nasa, wanda ya ci ya kwashe, wannan sunansa ka san shi, ni ma na san shi, kuma ranar tsayuwa ba ni za a tambaya ba. Ka karkata wajen na farkon iya ƙarfinka. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ce don yaro ya hau hanya mai santsi sai a hana shi addu'a. Shi ne ma ya fi kowa bukatarta.

Bari in gaya maka nawa, don ka san ba daga sama nake magana ba.

Kafin a haife ka ina aikin layin dogo. Lebura ne ni, muna canza katako a ƙarƙashin ƙarfe, amma akwai albashi ƙarshen wata, akwai riga mai lamba, mahaifina yana alfahari da ita. Ni kuwa zuciyata na kan wuta da nama. Duk mai tsiren da na wuce sai in ga inda ya ɓata yanka. Wata rana na ajiye diga na tafi. Ban yi nadamar wannan ba har yau, da tsiren na rufa muku asiri, da shi na biya makarantar da ta kai ka Bonapriso. Kuskurena shi ne da na dawo gida sai na ce wa mahaifina korar mu aka yi. Tsoho ya sa babbar riga ya tafi wajen shugaban leburori yana roƙo a mayar da ni. A can aka gaya masa da ƙafata na tafi. Ya dawo ya dai ninke rigar ya ajiye. Na gwammace da ya mare ni.

Kai ba ka yi haka ba, ka faɗa min gaskiya, na yaba. To ka riƙe ta a ko'ina. Mahaifiyarka tana ta gaya wa mata a gidajen suna wai canjin wurin aiki aka yi maka zuwa Yawunde. Na ce ta daina. Ta ce ita ba za ta iya buɗe baki ta ce ɗanta ɗan biliyar ba ne. Na ce to ta yi shiru, ni zan faɗa. Mai kanti ya tambaye ni, na faɗa. Mai aski ya tambaye ni, na faɗa, har ya kusa yanke min kunne. Kai ma duk inda aka tambaye ka sana'arka, ko a gidan surukai ne, ka faɗe ta da sunanta. Ranar da ka ji ba za ka iya faɗin ta ba, ranar ka san lokacin barin ta ya yi.

Yanzu ga babbar maganar, kuma ba ka san na sani ba.

Bayan abin da ya faru a tabarma, na ce ba zan yi ta faɗa a kan abin da ban taɓa gani ba. Na hau bensikin, ɗan babur ɗin ya yi ta kutsawa da ni tsakanin motoci har Akwa, na tambaya aka nuna min ɗakin wasan da kake zuwa. Da rana ne tsaka. Na shiga na tsaya bayan wani ginshiƙi kusa da ƙofa. Wani yaro mai tsaron wurin ya ce min da Faransanci, "Papa, ka ɓata hanya ne?" Na ce ban ɓata ba, ya ba ni wuri.

Na gan ka. Abba, ban san kana da wannan hannun ba. Yadda kake zagaya teburin kana shafa shuɗin alli a bakin sanda, kana kallon ƙwallaye kamar suna gaya maka inda suke son zuwa. Na yi shekaru ina ganinka kana fita ofis da safe kafaɗa a sauke kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. A wurin nan na ga bayanka a miƙe. Na ce a raina, to, nan ne gonarsa.

Abokin wasanka wani mutum ne mai tumbi, da rigar ofis, ya rataye kwat a kan kujera. Can gefe kuma ga mutumin nan da kake kira Patron, wanda zai ɗauki nauyin tafiyarka, yana zaune ya harɗe ƙafa yana kaɗa makullin mota. Wasa ya zo ƙarshe, baƙar ƙwallo tana bakin rami, ko Rakiya aka ba sandar za ta zura ta. Ka sunkuya, ka ɗago ido ka dubi Patron, ya sosa haɓa. Ka buga, ta kauce. Ka dafe kai kana cewa kash. Mai tumbi ya yi ta tsalle yana cewa, "Ashiya, ƙanena, ashiya!" yana yi maka jaje. Aka sake, ka sake faɗuwa. Ya ji daɗi, ya ce a ƙara abin da aka ajiye, a ƙara sosai. Daga nan bai sake samun damar ɗaga sandarsa ba. Ka share teburin tas yana tsaye baki buɗe.

Ni ban san dokar wasanku ba. Amma na tsufa da wuƙa a hannu, na san hannun da ya kuskure, na san hannun da aka janye. Naka janye shi ka yi.

Na fita ban yi maka magana ba, don da na yi, da a gaban mutane zan yi. Na dawo a ƙafa har New Bell, ruwa na dukana, ban ma ji ba.

Ka san yadda ake sayen tsire a garin nan. Mutum ba ya biya sai an yanko masa ɗan ɗanɗano a bakin wuƙa, ya dangwala yaji, ya tauna, in ya yi masa sannan ya ce a naɗe masa. Da na bar layin dogo ba ni da tebur, ba ni da waya ta gashi, ba ni da jari. Wani mai hali ya ce zai tsaya min, shi zai kawo nama, ni aiki, mu raba. Na ga kamar uba na samu. Da farko lafiya. Daga baya in nama ya kwana sai ya ce kada a zubar, kada a rage farashi. Ya koya min dabara: in ajiye sabon gashi a gaba, daga shi zan yanko ɗanɗano, amma in an ce a naɗe, hannuna ya zame baya ya ɗebo na jiya, in lulluɓe da yaji da albasa. Na ce wannan ba daidai ba ne. Ya ce, "Tebur na wa? Nama na wa?" Na yi abin da ya ce.

Kana tsammani shi aka zaga? Ba wanda ya san fuskarsa. Ni aka sani. Wata mata mai sayar da soyayyar ayaba a kusurwarmu ta dawo da ƙunshin, ta buɗe a gaban layi, ta ce, "Malam, wanda ka ba ni a baki da wanda ka ba ni a takarda ba uwarsu ɗaya ba." Kafin mako ya zagayo, mutane sun koma tsallaken titi. Mai halin ya ɗauke teburinsa ya ba wani yaro, ya ce ni ba ni da farin jini.

Faɗuwar da ka yi da gangan ita ce ɗanɗanon nan, Abba. Ka ba mutum ya tauna wani abu, ka naɗe masa wani. Kuma sosa haɓar nan na gane ta. Yau ya sosa don ka faɗi a farko ka ci a ƙarshe. Wata rana a wani gari zai sosa don ka faɗi a ƙarshen ma, saboda ya ajiye nasa a bayan abokin karawarka ba ka sani ba. Ranar da mutanen wurin suka gane, shi yana cikin mota, kai ne a tsakiyar ɗaki da sanda ɗaya.

Don haka ga abin da nake so. In kai gwani ne, ka shiga a matsayin gwani. Ka ce ni ne wane daga New Bell, wanda ya ji zai iya ya fito. Za ka samu 'yan wasa kaɗan, abinci zai yi wuya, na sani. Amma duk wanda ya sha kaye a hannunka zai san abin da ya taro, zai iya miƙo maka hannu bayan an gama. Kuma ka gaya wa Patron ɗinka tun kafin ku hau mota, a fili, cewa hannunka ba ya janyuwa. In ya ce to ba tafiya, ka ga ka san shi tun a gida, ba a bakin iyakar wata ƙasa ba. Sandar da kake bugawa da ita ma, in tasa ce ka mayar masa, ka nemi taka ko da ba ta kai tasa kyau ba.

Rakiya ta ajiye alƙalami ta ce, "Baba, kai fa ka ce ba ka goyon bayan abin nan, ga shi kana koya masa yadda zai yi." Na ce ta ɗauka ta ci gaba. Ita tana ganin ka yi wauta, kuma ta ce in gaya maka haka. Na gaya maka.

Sauran ƙananan abubuwa ka san su. Wuraren nan akwai kwalba, akwai mata masu dariya da wanda ya ci. Ba zan ɓata takarda a kansu ba, ba yaro ba ne kai. Salla dai, ko ana tsakiyar wasa, ka san inda gabas take a kowane ɗaki ka shiga. Duk garin da ka sauka ka nemi unguwar Hausawa, ka je ka gaida babbansu, ka ci abinci a can. In wani abu ya same ka su ne za su san inda za a aiko.

Saura abu ɗaya, shi ne ya hana ni sukuni tun da na ji zancen tikitin nan.

Da teburin ya kuɓuce min, kunya ta hana ni zama a unguwa. Na ɗaure 'yan kayana na haye gada zuwa Bonaberi, ban yi sallama da kowa ba, ban je tabarma ba, ban tsaya gaban mahaifina ba. Na ce sai na zama wani abu sannan in dawo su gani. Bonaberi fa, ba Makka ba. Kogi ɗaya ne tsakaninmu, in ka tsaya a bakin ruwa kana hango wannan gefen. Amma wanda ya fita ta bayan gida, nesa da kusa duk ɗaya ne a wajensa. Kullum sai in ce wata mai zuwa. Na kafa tebur nawa a can, na yi suna da gaskiyar ɗanɗano, na tara abin da na tara. Da na ga na isa, na ɗinka riga na hayo gada ina taƙama.

Na tarar da tsoho a kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya gane ni. Na durƙusa na ce, "Baba, na tafi ban nemi fatiha ba, na zo nema." Ya yi ƙoƙarin ɗaga hannu. Na hagun ya ɗan taso, na daman yana kan tabarma kamar ba nasa ba. Ya yi ta kallon hannun nan yana kallona. Bakinsa yana motsi, ba na jin abin da yake cewa. Ni na kama hannun na ɗaga masa, na riƙe, na shafa a fuskata. Har yau ban san ko fatihar ya karanta ba ko zagina yake yi, kuma duk wanda ya yi, ya yi daidai.

Sunansa ka ci, shi ya sa ban taɓa kiran ka da sunanka na yanka ba. Hannuwana biyu suna ɗaguwa yau. Ban san har yaushe ba.

Saboda haka ka zo ranar Juma'a. Kada ka biyo ta lungun bayan kasuwa, kada ka jira duhu. Ka sauka a babban titi, ka tako ta gaban masallaci lokacin da aka sallame mutane suna fitowa, sandarka a hannu, ba a cikin jaka ba. Ka gaida su Garba da ladabi, ka durƙusa musu, iyayenka ne ko sun ƙi ko sun so. In ya yi maka baƙar magana kada ka amsa, wannan aikina ne. Sannan ka wuce ƙofar gidanmu. Zan shimfiɗa tabarmata a waje, inda suke hango mu daga inda suke zaune. Zan miƙe in faɗi sunayen gidanmu da ƙarfi, tun daga kakana da ya koro shanun wani daga arewa har bakin teku da ƙafa, zuwa mahaifina, zuwa ni mai tsire, zuwa kai. Da na zo kanka zan faɗi sana'arka da sunanta. Rakiya ta ce za ta ɗaga hannu daga soro, duk da wautarka. Mahaifiyarka kuwa na ga ta aika a sayo gero. Wanda ya ga dama a cikinsu ya tsallako titi ya sa hannu, akwai wuri. Wanda bai ga dama ba, ya zauna ya kalla.

In kuma ba ka zo ba, kada ka yi zaton zan fasa. Zan fito da tabarmar, in faɗi sunayen, in ɗaga hannu ga wurin da babu kowa, dukan unguwa na kallo. Sai ka zaɓi wanda kake so a riƙa ba da labarinsa a New Bell.

Allah ya tsare ka a mota da masauki. Allah ya raba ka da mugun abokin tafiya da mugun ci. Ya sa abin da zai shiga cikinka ya zama mai tsarki, in wannan hanya ba alheri ba ce ya juyo da kai da ƙafarka, kana da lafiya, ina da rai. Allah ya yi maka albarka. Sauran sai ka zo, da baki zan faɗa, ba a takarda ba.

Ni ne mahaifinka,
Sani mai tsire, New Bell.